Daga Banɗakin Chicago zuwa Kwamfuta: Tarihin Amsa-kuwwa a Muryar Mawaƙi

Duk wanda ya taɓa yin magana a cikin ɗakin da babu kaya ya san yadda murya ke bugun bango ta dawo, ta ɗan jima kafin ta mutu. Wannan jelar sauti ita ce ma'aikatan situdiyo ke kira ribab. A farkon zamanin faifai ba a iya sarrafa ta. Abin da ɗaki ya bayar shi ake ɗauka.

A shekarar 1947 Bill Putnam, wani injiniyan sauti a Chicago, ya tura sauti ta lasifika cikin banɗaki, ya ɗauko shi da makirfo, sannan ya gauraya shi da na asali a faifan "Peg o' My Heart" na ƙungiyar Harmonicats. Faifan ya karɓu ƙwarai. Daga nan injiniya ya sami ikon ƙara amon ko rage shi yadda ya ga dama. Kamfanin Capitol, da ya buɗe situdiyonsa a Hollywood a 1956, har ɗakunan kankare ya gina a ƙarƙashin ƙasa domin wannan aiki kaɗai, kuma muryar Frank Sinatra ta bi ta cikinsu.

Amma gina ɗaki sai mai hali. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da EMT 140: faffaɗan farantin ƙarfe da aka rataye cikin akwati, sauti ya girgiza shi, a ɗauko girgizar. Nauyinsa ya kai wajen kilo 270, amma ana iya tsawaita jelar ko gajarta ta. A 1976 kamfanin ya kawo EMT 250 mai aiki da lissafin lantarki, Lexicon 224 ta biyo baya a 1978. Yau duk wannan ya koma manhaja, matashi na buɗe ta a kwamfutarsa a Zinder ko Kano.

Sauƙin ya zo da tarkonsa. Injiniyoyin da, saboda tsadar abin, sun koyi tattali. Sukan jinkirta amon kaɗan domin kalma ta fito sarai kafin jelarta ta biyo. A Abbey Road da ke Landan an san su da yanke ƙasan sautin amon da samansa, don kada ya dagula muryar.

Wannan darasi ya fi shafar mu. A Hausa, tsawon wasali da hawa da saukar murya su ke rarrabe ma'ana: "fari" na launi daban, "fari" na rashin ruwan sama daban. Idan jelar wata gaɓa ta hau kan mai bi mata, baitin da mawaƙi ya kwana yana tsarawa sai ya narke, mai sauraro a ƙaramar rediyo ya ji daɗin amo, ya rasa saƙo. Don haka kafin a saki waƙa, a saurare ta a ƙaramar lasifika. In kalma ɗaya ta ɓace, a rage.