Awon Ɗaki Kafin Sayen Inji: Tsohon Ginin Mubi

A Turai, mai son ɗumama gidansa da na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ta zuba shi cikin ruwan bututu ba ya farawa da zuwa kanti. Sai an auna bango da rufi da tagogi, an san yawan ɗumin da ke sulalewa a daren da sanyi ya fi tsanani, sannan a zaɓi inji daidai gidan. Dabarar na'urar ta tsufa: tun 1852 Lord Kelvin ya bayyana ta, a 1938 kuma aka ɗumama ginin majalisar Zurich da ruwan kogin Limmat. Esin da ke ɗakunanmu ɗan'uwanta ne, shi dai zafin ciki yake kwashewa ya watsar waje.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a Mubi, sai dai magina na dā da hannu suke yin sa. Garin yana gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, inda hunturu ke busar da leɓe a Janairu, bazara kuma ta gasa mutum a Afrilu. Tun kafin Jamusawa su iso a 1903, Fali da Gude da Fulani sun san maganin duka biyun: bangon ƙasa mai kauri, jinka mai tsini, ƙofa ƙarama. Ka ɗora tafin hannu a jikin irin wannan bango ta ciki da azahar, za ka ji shi da sanyi. Zafin da ya sha wuni guda sai dare yake ratsowa, lokacin da ake bukatarsa. In sanyi ya yi ƙamari, kaskon garwashi ɗaya ya wadatar. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, da Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna, bulo da kwano suka zama alamar arziki. Kwano kuwa ba ya riƙe sanyi, ba ya tare zafi.

Za a ce ginin ƙasa wahala ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Damina na cin bango, gara na cin itacen rufi, gobara ba ta raga wa jinka, ga yaɓe duk shekara. Babu mai hankalin da zai ce a rushe gidajen siminti. Amma abin da aka yasar ba ƙasar ba ce kaɗai, har da al'adar duba rana da iska kafin a haƙa tushe. Yau mutum zai shiga kasuwa ya ce a ba shi esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, don irinsa maƙwabci ya saya, alhali ɗakinsa ba silin, tagarsa na kallon yamma. Ƙaramin inji ya kwana yana gurnani ɗaki bai huce ba. Babba kuma ya riƙa tashi yana mutuwa, yana shanye man janareta.

Mai shirin gini a Mubi, ka fara da silin, da inuwar darbejiya ta yamma, da tagogi masu kallon juna. Bayan nan ka kira mai awo, sannan mai sayar da inji.