Wa Ake Ƙirgawa Idan An Auna Asibitin Zuciya?

Tun daga 1990 mujallar U.S. News & World Report take jera asibitocin Amurka daga na gaba zuwa na baya, kuma sashen ciwon zuciya yana cikin waɗanda aka fi dubawa. Ma'auninta ya haɗa da yawan majinyatan da suka rayu kwana 30 bayan an kwantar da su, da yawan ma'aikatan jinya, da yawan aikin da asibiti yake yi, da ra'ayin ƙwararrun likitoci. Tarihin ma'aunin yana da darasin da ya shafi Ɗambatta da Bichi da Minjibir, inda babu mai jera asibitoci.

A 1863 Florence Nightingale ta buga alƙaluman da suka nuna cewa mace-mace a manyan asibitocin Landan sun kai kusan kashi 90 cikin 100. Likitoci suka yi ca a kanta, domin an raba mamatan shekara guda ne da adadin majinyatan da ke kwance a yini ɗaya. Tun daga lokacin aka gane cewa lissafin mutuwa yana rataye a kan wanda aka saka cikin ƙirga. Wani likitan tiyata na Boston, Ernest Codman, ya ɗora a kai: ya nemi a bi kowane majinyaci bayan sallama har a ga ƙarshen jinyarsa. Abokan aikinsa suka ƙi, ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914.

Tiyatar zuciya ce ta dawo da maganar. A 1989 jihar New York ta fara tattara sakamakon aikin sauya jijiyoyin zuciya da suka toshe, tana la'akari da shekarun majinyaci da tsananin ciwonsa, don kada a zargi likitan da ya karɓi mai nauyin ciwo. A 1991 jaridar Newsday ta yi nasara a kotu ta buga sunayen likitocin. An ba da rahoton cewa mace-macen sun ragu da kashi 41 cikin 100 tsakanin 1989 da 1992. Sai dai a 1996 wani likitan zuciya ɗan Nijeriya, Nowa Omoigui, da abokan aikinsa suka nuna cewa majinyatan da ake turowa daga New York zuwa asibitin Cleveland sun fi sauran tsananin ciwo. Abin da aka fahimta shi ne, wasu likitoci suna kare sunansu ta hanyar kauce wa wanda zai iya mutuwa a hannunsu.

A ƙasar Hausa ciwon zuciyar da aka fi nazari a kansa ya sha bamban da na tsofaffin Amurka. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana raunin zuciya da ke kama masu jego a Zariya, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai zafi. Bayan shekara 40, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci rajistar masu wannan ciwo a faɗin Nijeriya. Sakamakon da aka buga a 2020 ya fi nuna rama da rashin karatun boko da rashin aikin yi da hawan jini na juna biyu, kuma kusan ɗaya cikin biyar na matan da aka bi sawunsu sun rasu.

Mu ɗora ma'aunin New York a kan ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona kuma gidaje ke a warwatse. Mai jego takan fara kumburin ƙafa da haki, a ce jego ne. Sai ta kasa kwanciya a kai ta babban asibitin Ɗambatta ko Bichi, daga nan a tura ta birni, inda ake samun na'urar duba zuciya da ƙwararren likita. Idan aka ƙirga mamata kawai, asibitin da ya karɓe ta a ƙurarren lokaci shi zai zo ƙarshen jeri, wanda ya tura ta ya fita da suna mai kyau. Wadda ta rasu a gida kuwa, aka binne ta a ranar, ba ta cikin littafin kowa.

Saboda haka ma'aunin da zai yi wa wannan yanki amfani ya fi kusa da na Codman. Kwana nawa aka yi tsakanin farkon haki da ganin likita? Mata nawa aka auna wa hawan jini lokacin awo da bayan haihuwa? Cikin waɗanda aka sallama, nawa ne ke raye kuma suke samun magani bayan wata shida? Amsa waɗannan tambayoyi tana bukatar littafin rajista a kowane babban asibiti, da ma'aikacin lafiya da zai bi majinyaciya har ƙauyensu.