Daga Katin Zaɓe Zuwa Wayar Salula: Tarihin Filayen Kiɗa na Ƙarshen Mako a Ƙasar Gumel

 Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, sai na ce masa tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe na bar wa malamanmu da suka koya mana shi. Ni tarihin akwatin rediyo zan taɓo, musamman filayen kiɗa da waƙa da muke kwana muna jira a ranakun Asabar da Lahadi. Dalili kuwa shi ne, kwanan baya na je gida Gumel, muna gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka buɗe wata tsohuwar adaka. A ciki muka tarar da kaset-kaset goma sha huɗu da ya ɗauka daga rediyo, da wani katin zaɓe da ya cike amma bai aika ba. Sai da na yi kwana uku ina cigiya kafin na samu rikodar da za ta juya su.

Waɗanda muka shiga makaranta tare a shekarar 2001 muka fita a 2007 za su tuna cewa doka ta hana ajiye rediyo a ɗakin kwana. Malamanmu su gafarce mu, yau dai asiri ya tonu: kusan kowane ɗaki akwai ta, a ƙasan akwatin ƙarfe, an danne ta da ƙullin garin kwaki. Ranar Asabar in an gama duba tsafta an shanya wanki, sai a fito da ita. Karo-karo muke yi mu sayi batir mai kan damisa, in ya yi sanyi a shanya shi a rana, wai ko ya ƙara kwana ɗaya. Wasu daga cikin filayen ana gabatar da su a sauran ranaku ma, to amma ga ɗan makarantar kwana duk wani filin kiɗa na ƙarshen mako ne.

Wannan al'ada ba mu muka fara ta ba, gadonta muka yi. Rediyo ta fara shiga birnin Kano a shekarar 1944, sai dai ba irin wadda muka sani ba. Akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha kamar yadda ake jawo wutar lantarki, babu wurin murɗawa balle a canja tasha. Abin da aka sako shi za ka ji. Irin wannan kuwa sai manyan birane, don haka mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar sai dai in fatauci ya kai shi birni ya ji da kunnensa, ya dawo ya ba da labari. Abin da ya shigo da rediyo garuruwanmu shi ne ƙaramar rediyo mai batir, wadda ta yaɗu a shekarun 1960. Hakan ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a shekarar 1962, da haɗin gwiwar wasu kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Shi wannan EMI ɗin kamfanin faifan garmaho ne, kuma daga baya ya buga faya-fayan Shata da na Ɗanmaraya.

A wancan zamani Rediyon Kaduna tana watsa shirye-shiryenta na Hausa a kan gajeren zango, mita 49, wanda ke tsallake ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa ake jin ta a Maigatari kamar yadda ake jin ta a Legas da Kumasi. A shekarar 1978 gwamnatin tarayya ta karɓe gidan, ya koma Rediyon Najeriya Kaduna, amma mutanenmu ba su fasa kiran ta Rediyon Kaduna ba. Bayan ita sai Rediyon Kano, domin ƙasar Gumel a cikin Jihar Kano take har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, daga bisani muka samu tamu tashar a Dutse.

A cikin dukkan filayen Rediyon Kaduna, babu wanda ya shiga ran jama'armu kamar Zaɓi Sonka. Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, ga yadda abin yake. Mutum zai sayi kati, ya rubuta sunansa da garinsu, ya jera sunayen waɗanda yake son gaisarwa, ya zaɓi waƙa. Sai ya manna kan sarki ya kai gidan waya, ko ya ba wa direban da zai shiga birni. Daga nan sai jira. Wani mako biyu, wani wata guda, wani ma katinsa ba zai taɓa fitowa ba. Ranar da aka karanta kuwa, gari ya ɗauka. Kafin ya isa majalisa labari ya riga shi, kowa na ce masa an ji shi a Kaduna.

Mai karatu zai iya ɗauka wasa ne na samari marasa aikin yi. Ni kuwa a ganina wannan kati shi ne wasiƙar talaka. Ƙasarmu ƙasar noman damina ɗaya ce. Da an kai gero da riɗi gida, matasa sai su bazama cirani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Kurmi. Wasiƙar ambulan sai an nemo mai karantawa, kuma mutum ɗaya take zuwa wa. Katin zaɓe kuwa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ji sunanta da kunnenta, ta san ɗanta yana raye kuma bai manta da gida ba, dukkan unguwa shaida ce. Bugu da ƙari, sunan ƙaramin ƙauyen da ba ya cikin taswira sai ga shi a bakin mai gabatarwa, a jere da Kano da Zariya. Daga nan aka samu ƙungiyoyin zaɓi sonka a gari-gari, da shugabanninsu da laƙabobinsu, har ana naɗa sarkin zaɓe. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka san sunayen juna a iska, suka shiga ziyarar bikin aure da suna. Zumuncin da yau ake yi a Facebook, iyayenmu sun yi shi da kati da kan sarki.

Sai kuma filayen kiɗan gargajiya, waɗanda su ne makarantarmu ta biyu a darasin Hausa. A nan ya kamata mu lura da wani babban sauyi da rediyo ta kawo. A da, waƙar sarki a ƙofar fada ake jin ta, waƙar noma a gona, waƙar dambe a fage. Wanda bai je ba bai ji ba. Rediyo ce ta kwaso su duka ta zuba a akwati ɗaya. Ibrahim Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma ga mu yara a 2004 muna gardama a kan ma'anar baitocinsa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, shekara biyu kafin mu shiga aji ɗaya, duk da haka babu Asabar ɗin da za ta wuce ba mu ji kalangun Shata ba. Ga kuntigin Ɗanmaraya Jos, ga ƙwaryar Barmani Coge, ga kukumar Hassan Wayam. Haruna Uji kuwa, da yake mutumin Haɗejiya ne maƙwabtanmu, in aka sako gurminsa sai 'yan Haɗejiyan ɗakinmu su hana kowa sakat, kamar su suka koya masa.

To amma abin yana da wata fuska. Wanda rediyo ta ɗauka ya rayu, wanda ba ta ɗauka ba ya tafi da waƙarsa kabari. Ɗakunan ɗaukar murya suna Kaduna da Kano, mu kuwa muna can bakin iyaka, fiye da kilomita 100 daga Kano. A tsawon saurarena, da wuya na ji an sako makaɗan noman ƙauyukanmu, ko waƙoƙin daɓe da niƙa na iyayenmu mata, ko na Mangawan da suka kafa masarautar nan, ko sarewar Fulanin da ke kiwo a dazukanmu. Mun haddace waƙoƙin sarakunan Gobir da Zamfara, alhali da yawanmu ba za mu iya kawo baiti biyu cikakku na makaɗan fadar Lautai ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, nisa ne da tsadar na'ura, amma asara ce.

Zama a bakin iyaka kuma ya ba mu wata riba da 'yan birni ba su samu ba, wato muna cin tudu biyu. Rediyon Nijar, wadda aka kafa a 1958 aka kuma sauya mata suna zuwa Muryar Sahel a 1974, tana shigo mana, haka ma tashoshin Damagaram. Iska ba ta san shingen kwastan ba. Ta nan kunnenmu ya saba da Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, da Mamman Gawo Filinge, da Sa'adu Bori na Maraɗi, da waƙoƙin samariya da suka bunƙasa zamanin Seyni Kunce. 'Yan Maigatari su ne malamanmu a wannan fanni. In sun dawo hutu sukan zo da kaset ɗin da suka saya a kasuwarsu ta ranar Alhamis, su riƙa fassara mana 'yan kalmomin Faransanci da ke faɗowa a bakin masu gabatarwa, ko daidai ko ba daidai ba, Allah masani.

Filin waƙoƙin Indiya shi ne na rigima. Rabin ɗaki na so, rabi na cewa kukan mata ne. Amma da muryar Lata Mangeshkar ko Muhammad Rafi ta tashi, har masu sukar sai ka ga suna kaɗa ƙafa. Ba kuma sabon abu ba ne, domin tun zamanin Abdu Yaron Goge makaɗanmu ke aron karin Indiya suna ɗora masa Hausa. Akwai kiɗan Sudan na su Muhammad Wardi da Sayyid Khalifa, wanda dattawa suka fi so. Safiyar Lahadi kuwa daga gidajen malamai muke jiyo Don Williams da Jim Reeves. Masu son rege suna da Bob Marley da Lucky Dube, wanda aka kashe a watan Oktoban 2007, 'yan watanni bayan mun bar makaranta.

Mu 'yan zangon 2001 zuwa 2007 a kan idonmu zamani ya juya. Tun a 1992 gwamnatin soja ta yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, aka fara da Raypower a Legas a 1994. A Nijar ma a tsakiyar shekarun 1990 aka samu irin su Rediyo Anfani. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, sannan Freedom Radio ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003. Zangon FM ya fi tsabtar sauti, amma ba ya nisa kamar gajeren zango. Shi ya sa kowane ɗaki ya samu nasa injiniyan, mai ɗaura wayar ƙarfe daga eriya zuwa reshen darbejiya, a riƙe rediyo a wani lungu, kowa ya daina motsi. A lokaci guda waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda ake kaɗawa da fiyano, suka mamaye filayen zaɓe tun daga fim ɗin Sangaya, kalangu ya fara ja da baya.

Kati bai mutu rana ɗaya ba, amma kiran waya da saƙon tes sun fi shi sauri, suka ture shi gefe. An samu sauƙi, babu musu. Sai dai gaisuwar da ta fita a tashar FM iyakarta 'yan garuruwan da ke kewaye, ɗan ciranin da ke Legas ba zai ji ba, kuma shi ma ba ya bukata tunda zai iya kiran tsohuwarsa kai tsaye. Daga baya masu tura waƙoƙi a waya suka cika kasuwanni, kowa ya zama mai gabatar da filin kansa, ya toshe kunnuwa shi kaɗai. Tashoshi kam sun ƙaru a Jigawa, ga ta Andaza, ga Horizon da Freedom a Dutse, kuma har yanzu manomi da direba da mai shayi ba su rabu da rediyo ba. Abin da ya ragu shi ne mutum ashirin a kan akwati ɗaya suna jiran waƙa ɗaya.

Bari in koma kan kaset ɗin mahaifinmu. Cikin goma sha huɗun nan, shida zarensu ya manne ko ya tsinke, zafin ɗaki da ƙura sun gama da su. Bakwai waƙoƙi ne da za a iya samu a ko'ina. Ɗaya kuwa filin zaɓe ne ya ɗauka sukutum, har da shashshakar iska. Can wajen tsakiya sai mai gabatarwa ya karanto sunansa daga Gumel, yana gaida mahaifiyarsa da ƙannensa biyu da abokinsa na Sule Tankarkar. Duk waɗanda aka ambata babu mai rai a yau. A gefe na biyu kuma, ba daga rediyo ba, ya ɗauki wani makaɗin gangar noma a wurin gayya, wanda duk dattawan da na kunna wa sun gane muryarsa amma sun ce ba a taɓa sa shi a wata tasha ba.

Na tabbata irin wannan adaka tana nan a gidajen da yawanmu, daga Gagarawa har Maigatari, kuma kowace bazara tana cin rabonta. Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a ajandar taronmu na shekara. Duk mai tsohon kaset, ko katin zaɓe, ko faifan garmaho, ya zo da shi. A cikinmu akwai masu aikin kwamfuta da za su iya juye su, a mayar wa kowa kayansa, a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu na makaranta. Rikodar da na aro tana wurina har yanzu, mai ita ya ce in riƙe har bayan taro.