Labarin Jarumi: a Baki da a Takarda

Hirarmu ta yau a kan jarumai ce.

Mu fara daga gida. A Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, makaɗan fada suna wasa Bawa Jan Gwarzo. Bawa sarkin Gobir ne da ya zauna a Alƙalawa. An ci birnin da yaƙi a 1808. Gobirawa suka yi ta fama, har Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri a 1836. Ganuwar Alƙalawa ta rushe, amma sunan Bawa yana nan. Bakin maroƙa ne ya riƙe shi.

Turawa ma suna waƙe jarumai. A ƙasar Italiya akwai wasan da ake kira opera. Wasan kwaikwayo ne, amma kowa da waƙa yake faɗin maganarsa, makaɗa suna bin shi. Da farko a fada ake yin shi. A 1637 aka buɗe gidan opera a birnin Benis, kowa ya biya kuɗi ya shiga.

A 1640 wani makaɗi, Monteverdi, ya shirya wasa a kan Ulis, jarumin Girkawan da. Ulis ya yi shekara 10 wurin yaƙi, ya yi 10 a kan hanyar gida. Maza suka cika gidansa suna neman matarsa. Ita kuwa ta ƙi. Ya dawo cikin tsumma kamar mai bara. Matar ta ce wanda ya ɗana bakan mijinta shi za ta aura. Duk suka kasa. Mai tsumma ya ɗana, ya harbe su.

Daga baya aka daina wasan, har aka manta da shi. To, amma an rubuta waƙar, har da kiɗan. Takardar tana ajiye a birnin Biyana. A 1922 aka buga ta, makaɗa suka karanta, wasan ya farfaɗo.

Namu fa? In maroƙi ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi da abinsa.

Ku da kuka iya rubutu, a Agie, a Gazawa, a Gidan Rumji, ku ɗauki alƙalami. Ku gaida tsofaffi, ku tambaye su wanda ya kafa garinku da kirarinsa. Ku rubuta, ko da layi biyar ne. Ku kawo wa malaminku a karanta cikin aji. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.