Yadda Kwamfutar Tafin Hannu Ta Koyi Haddace Aikin Mai Ita

Tun kafin wayar salula ta zama abin da ba ya rabuwa da aljihun kowa, akwai wata jama'a ta injiniyoyi da likitoci da 'yan kasuwa waɗanda suka riƙi ƙananan kwamfutoci masu girman tafin hannu, kuma su ne suka raya wata al'ada wadda ta cancanci a rubuta tarihinta, wato koya wa na'ura jerin danne-danne domin ta maimaita su da taɓa maɓalli ɗaya, abin da ma'abota wannan fanni suke kira makro.

Asalin al'amarin yana komawa ga kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, wanda a shekarar 1974 ya fitar da na'urar lissafi ta HP-65, mai iya riƙe matakai 100 na abin da aka danna, ta kuma adana su a kan wani siririn kati mai maganaɗisu. Hikimar da ke ciki ita ce, mutum ba ya buƙatar ya yi ta bitar littattafan ilmin shirya manhaja. In dai ya san yadda yake warware mas'alarsa da yatsunsa, to ya riga ya san yadda zai karantar da na'urar. Daga baya, a 1983, manhajar lissafin kuɗi ta Lotus 1-2-3 ta shigar da irin wannan dabara ofisoshi, har akawu ya zamana yana ɗaure dogon aiki a kan harafi guda.

Amma inda al'adar ta sami gindin zama, a ganina, shi ne lokacin da aka haɗa waɗannan biyun cikin abu ɗaya. A 1991 reshen kamfanin Hewlett-Packard da ke garin Corvallis a jihar Oregon ya fito da HP 95LX, kwamfuta mai aiki da MS-DOS da Lotus 1-2-3, wadda batir biyu ƙanana suke ɗauke da ita. Sai 100LX ta biyo baya a 1993, sannan 200LX a 1994. Da yake maɓallan 200LX ƙanana ne ƙwarai, ta yadda mai kaurin yatsa sai ya lallaɓa da manyan yatsunsa biyu alhali yana tsaye a tashar jirgi ko a bakin gadon majiyyaci, sai lalura ta sa taƙaita dannawa ya zama wajibi. Mai ita yakan umarce ta da ta fara naɗa, ya buɗe littafin adireshi, ya nemo suna, ya kwafe lamba, ya kai ta cikin takardar da yake rubutu, sa'an nan ya tsayar. Daga ranar nan, da ya haɗa maɓallin Fn da ɗaya daga cikin F1 zuwa F10, sai ya ga allon yana ta sauyawa da kansa cikin ƙiftawar ido.

Sai dai makro makaho ne, ba ya duban allo, abin da aka biya masa kurum yake mayarwa, kamar ɗalibin da ya haddace karatu bai san ma'anarsa ba. Idan aka tashe shi a wurin da ba nan aka naɗe shi ba, yana iya zuba haruffa cikin lissafin da aka sha wahalar tsarawa, ko ma ya share shi. Saboda haka gwanaye suka ɗauki ƙa'idar fara kowane jeri da danne-dannen da za su komar da na'urar wani sanannen matsayi tukuna, kuma wannan tsantseni, wallahi, shi ne farkon fahimtar shirya manhaja ga mutane da yawa waɗanda ba su taɓa zama ajinsa ba.

Kamfanin ya daina ƙera 200LX a 1999, bayan kasuwa ta karkata ga Windows CE da na'urorin Palm masu alƙalami. Duk da haka masu ita, musamman a Japan inda ta yi farin jini matuƙa, sun ci gaba da gyara tsofaffinsu da ƙara musu ma'adana shekaru da dama, domin sabuwar na'ura, komai kyanta, ba ta zo da jerin da kowannensu ya ɗora wa maɓallansa goma ba.