Ƙarfin Ƙira da Naƙasun Fasaha a Wasan Pokémon Scarlet da Violet

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci Pokémon Scarlet da Violet, wasan bidiyo na Japan daga rukunin wasannin da ɗan wasa ke shiga rigar jarumin labari. An bi hanyar kwatanta shi da takwarorinsa na na'ura ɗaya domin gano tushen naƙasunsa. Sakamakon ya nuna cewa buɗaɗɗiyar duniyar da ta ɗaukaka wasan ita ce kuma ta fallasa rauninsa, sannan ƙarancin lokacin aiki ya fi raunin na'ura alhakin matsalolin.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Game Freak ne ya ƙera wasan, Nintendo da The Pokémon Company suka fitar da shi ranar 18 ga Nuwamba 2022 a kan na'urar Nintendo Switch. Cikin kwana uku an sayar da fiye da kwafi miliyan 10, abin da babu wani wasan Nintendo da ya taɓa yi a wancan lokaci. A makon ne kuma intanet ta cika da hotunan jarumai suna nutsewa cikin ƙasa, da kyamara tana leƙawa ƙarƙashin tsauni. Tambayar da binciken ke son amsawa ita ce: me ya haɗa irin wannan karɓuwa da irin wannan ƙorafi a aiki guda?

2.0 Hanyar Bincike

An duba wasan ta fuska biyu: tsarin ƙira, wato labari da yadda ake tafiyar da wasa, da kuma ingancin aikin manhaja. An auna shi da The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 da Xenoblade Chronicles 3 na Yulin 2022, domin dukkansu manyan duniyoyi ne a kan Switch.

3.0 Ƙarfin Wasan

Tun 1996 wasannin Pokémon kan ɗora ɗan wasa bisa tafarki ɗaya, daga gari zuwa gari. A wannan karo yankin Paldea, wanda aka zana bisa yanayin Sifaniya da Fotugal, a buɗe yake. Da zarar ɗan wasa ya bar makarantar da ke birnin Mesagoza, sai ya hau halittar Pokémon mai suna Koraidon ko Miraidon ya nufi inda ransa ke so. Labarai uku ne ke tafiya tare: karawa da shugabannin zaurukan gasa 8, farautar manyan halittu 5, da rusa sansanonin ƙungiyar Team Star 5.

Rubutun labarin ya zarce na magabatansa. Arven, abokin tafiyar ɗan wasa wanda da farko ake yi wa kallon mai girman kai, ashe ganyen magani yake nema domin ceto Mabosstiff, halittarsa mai kama da kare da ke jinya. 'Yan Team Star kuwa yara ne da cin zali ya kora daga aji. Sashen ƙarshe a cikin ramin Area Zero ya haɗa waɗannan zarurruka wuri guda, ya taɓo batun iyayen da aiki ya raba da 'ya'yansu. Haka nan dabarar Terastal, da ke bai wa halitta damar sauya nau'inta ana tsakiyar faɗa, ta ƙara wa gasar ƙwararru zurfi, domin abokin karawa ba ya da tabbacin raunin da zai kai wa hari.

4.0 Naƙasun Fasaha

Na farko, wasan ya yi nufin nuna hoto 30 a kowane sakan, amma sau da yawa ba ya kai wa. Abin ya fi muni a tafkin Casseroya, inda ruwa da tarin halittu ke sa motsi ya riƙa sarƙewa. Domin rage wa na'ura nauyi, an rage motsin abubuwan da ke nesa, sai dai an yi hakan a kusa ƙwarai har ido na gani. A cikin aji, ɗaliban da ke zaune a baya suna kaɗa ƙafa a tsinke a tsinke, fukafukan injin iska na garin Artazon su ma suna juyawa da tsalle-tsalle.

Na biyu, halittu kan bayyana kwatsam a gaban mai gudu, sai ya faɗa faɗan da bai shirya ba. A nan naƙasun ya wuce na kyan gani, ya shafi wasan kansa. Na uku, masu wasa sun lura cewa tafiyar na ƙara nauyi idan an daɗe ana yi, ta kuma sassauta idan an kashe an kunna, alamar da ke nuna manhajar ba ta sakin gurbin ƙwaƙwalwar da ta gama amfani da shi. An kuma gano cewa haɗa abin sarrafawa biyu na ninka gudun jarumi.

Akwai rauni a ƙira ma. Ƙarfin shugabannin gasa ba ya sauyawa da ci gaban ɗan wasa: Katy ta Cortondo ta masu farawa ce, Grusha na tsaunin Glaseado na waɗanda suka yi nisa ne. Saboda haka 'yancin zaɓen hanya bai cika ba, tunda akwai jerin da aka ɓoye.

5.0 Tushen Matsalar

Gaskiya ne Switch, wadda ta fito a Maris 2017 da guntun Tegra X1 na Nvidia da ƙwaƙwalwa gigabait 4, ta tsufa a 2022. Amma Breath of the Wild da Xenoblade Chronicles 3 sun nuna filaye masu faɗi a kan na'urar da daidaiton da ya fi wannan. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne jadawalin aiki. Game Freak ya fitar da Pokémon Legends: Arceus a Janairun 2022, wata goma kacal kafin wannan. Sabon wasan Pokémon kuma shi ke buɗe ƙofa ga sabbin katunan wasa da fim ɗin zane da kayan sayarwa, don haka ɗage ranar fitarwa na da tsada. Sauri ya haifi nawa: a farkon Disamba 2022 Nintendo ya nemi afuwar masu wasa tare da sakin gyara na 1.1.0. Sauƙi na sosai bai samu ba sai a Yunin 2025, lokacin da gyaran kyauta na sabuwar na'urar Switch 2 ya kai wasan hoto 60 a sakan.

6.0 Kammalawa

Binciken ya tabbatar da cewa tunanin da aka gina wasan a kai nagari ne, aiwatarwar ce ta gaza. Wanda ya sayi wasan a 2022 ya cancanci samun sa a kammale a kan na'urar da ke hannunsa, ba tare da jiran wata sabuwa ba. Maƙalar na ba da shawarar a tsawaita lokacin gwaji kafin fitar da irin waɗannan wasanni, masu nazari kuma su riƙa auna ingancin manhaja daban da adadin ciniki, domin yawan sayarwa shaidar ƙaunar jama'a ga Pokémon ce, ba shaidar ingancin aikin ba.