Gigin Tsufa: Yadda Aka Gane Cuta Ce

Yau zancenmu a kan tsofaffi ne.

Kowa ya san tsohuwar da kan ɓoye goronta ta manta, sa'an nan ta ce surukarta ta sace. Ko tsohon da kan fita da magariba ya faɗa gonar rake, wai za shi gida, alhali daga gidansa ya fito. Dā akan ce gigin tsufa ne. Wasu su ce iskoki. Wasu kuwa, Allah ya kiyaye, su ce maita, har yara su bi da jifa.

To, ga yadda aka gane gaskiya. Cikin 1901 aka kawo wata mace asibitin Frankfurt, a ƙasar Jamus, shekararta 51. Tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana ta ihu. Likitan da ya duba ta sunansa Alzheimer. Da ta rasu cikin 1906, ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya tarar ta motse, ta lalace. Watau zargin nan da ihun nan duk alamun cuta ne, ba mugun hali ba.

A ƙasarmu kuwa, dokar 1958 tsare masu taɓin hankali ta fi kula da shi. Amma tun 1954 Likita Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majinyaci ya fi samun sauƙi tare da danginsa. Cikin 2023 aka sa hannu a sabuwar doka mai kare mutuncinsu.

Saboda haka, in tsohonku ya ce an yi masa sata, kada ku yi gardama, ku taya shi nema. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi. A rufe rijiya, a kunna masa fitila da dare, wani ya riƙa raka shi. Mai jinya ma a riƙa karɓarta, ta huta.

In ruɗewar ta zo farat ɗaya, wataƙila zazzaɓi ne ko ciwon fitsari, a kai shi asibiti ran nan. In a hankali ta zo, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika da Barnawa. Cutar ba ta warkewa, amma ana rage wahalarta.

Wanda ya goye ku jiya, yau ku ne gatansa. Allah ya sa mu gama lafiya, amin.